Gudun da Na Yi a Matakalar Dengfeng

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi ina zuwa China saro kaya, kuma mafi yawansu sun bi ruwa, ko an tuna mini sai na yi da gaske nake gano su. Amma akwai wata safiya a Guangzhou, a farkon shekarar da ƙasar take shirin karɓar wasannin Olamfik, wadda na tabbata ba za ta bar raina ba har ranar da ƙasa za ta rufe mini ido. Ba zan kama sunan kowa ba. Wasu daga cikin mutanen manya ne yanzu, ba za su so jikokinsu su ji cewa sun taɓa tsayawa a rufin bene ɗaure da tawul ba.

Mafarin abin daga Kano ne. Ana saura kwana kaɗan in taso, na je wurin likita saboda yawan ƙishirwa da tashi fitsari. Ya gwada jinina, ya dube ni ta saman tabarau ya ce suga ne. "Wata uku na ba ka, Alhaji," in ji shi. "Ka rage ci, ka riƙa motsa jiki kullum har ka yi gumi. In ka dawo bai sauka ba, to allura ce kowace rana." Ba allurar ce ta tayar mini da hankali ba. Mahaifinmu wannan ciwon ne ya ci masa ƙafa. Ƙusa ya taka a bayan gida, bai ji ba sam, ƙanwata ce ta ga sawun jini a tsakar gida ta bi shi har ɗaki. Bayan wata biyu aka yanke ƙafar daga gwiwa. Ni na riƙe masa kafaɗa ranar da aka fara koya masa tafiya da sanda, don haka na san abin da nake gudu.

Sai dai akwai wata matsala. Shekarata arba'in da shida a lokacin, ga tumbi, ga mutane suna ce mini Alhaji suna rusunawa. A wurinmu magidanci ba ya gudu haka kawai. In ka ga babban mutum ya tattare riga yana gudu, to ko gobara ce, ko ɓarawo, ko mahaukacin kare. Kuma ban so kowa ya san ina da ciwo. Na tsani in shiga wuri a yi ta ce mini sannu ana kawar da kwanon shinkafa daga gabana. Maiɗakina kaɗai na gaya wa, ita ma sai da na ja mata kunne.

A Guangzhou na ga dama ta samu. Muna zaune a unguwar Dengfeng, a wani tsohon bene mai hawa tara wanda ba shi da lifta, kusan rabin ɗakunansa mutanenmu ne, 'yan Kano da 'yan Nijar. Ni ina hawa na huɗu tare da wani abokina ɗan Fagge, mai yawan barci da yawan tsokana. Da mun idar da sallar Asuba sai ya koma cikin bargo, ni kuwa in ce zan je sayo burodi, in ɗauki leda da kambas a ciki in fice. Akwai wani lambu mai tafki ba nisa da mu. A kan benci nake canza takalmi, in naɗe jallabiya in cusa a ledar.

Abin da ya ba ni mamaki, babu wanda ya damu da ni. Tsofaffin 'yan China ne cike da wurin, wannan yana tafiya da baya yana tafa hannu, waccan tana rawa da mafici, wancan yana dukan bishiya da gadon bayansa. A cikin irin waɗannan, baƙin mutum mai tumbi yana haki ba labari ba ne. Ranar farko fitilun bakin hanya uku na wuce, na tsaya na dafa gwiwa ina jin kamar ƙirjina zai tsage. Wani tsoho siriri, wanda na tabbata ya girmi mahaifina, ya zo ya wuce ni da sassarfa, ya ɗaga mini babban yatsa ya ce, "Lawban!" wato maigida. Daga ranar kullum sai mun haɗu. Bayan mako shida ina zagaye rabin tafkin ba tsayawa, ƙishirwar ta ragu, na ƙara wa bel ɗina huda guda. Burodi kuwa mun ci shi har ɗan Fagge ya fara ƙorafi.

Sai sanyi ya sauko.

Na san za a ce ai mun saba da sanyi a gida. Ba mu saba da wannan ba. A cikin Guangzhou kanta ƙanƙara ba ta kwanta a ƙasa ba, a garuruwan da suke arewa da ita ne ta rufe hanyoyi ta tsayar da jiragen ƙasa, har tashar da take kusa da kasuwar Canaan ta cika maƙil da masu son tafiya gida bikin sabuwar shekararsu. Mu abin da ya iso mana shi ne yayyafi marar yankewa, mai sanyi kamar an tsamo shi daga firji, da iska mai shiga ƙashi. Gidajen garin ba a gina su don sanyi ba, cikin ɗaki da waje duk ɗaya. Ruwan alwala sai an dafa. Mutum ya yi magana sai ka ga hayaƙi yana fita daga bakinsa.

Na yi ta maza na fita sau biyu. Na farko na jibga riguna huɗu, duk na auduga, na yi gumi a ciki suka jiƙe, kafin in iso gida haƙorana suna haɗuwa. Na biyu kuwa a kan gadar sama ta masu tafiya a ƙafa santsin tayil ya kwashe ni, na zauna daɓas a cikin ruwa, ledar ta yi gefe. Na daɗe a zaune ina duba ƙafafuna ɗaya bayan ɗaya ko na yanke. Ban yanke ba, amma tsoro ya shige ni, ga tari ya biyo baya. Na daina fita.

Kwana tara ina zaune. A cikin sanyi ba abin da mutum yake so irin ci, ga shayi mai kauri ana ta zagayawa da shi ɗaki-ɗaki, in ka ce kar a sa maka suga sai an tambaye ka dalili. Ƙishirwar ta fara dawowa. Na gwada gudu a tsaye a cikin ɗaki idan ɗan Fagge ya shiga wanka, matar da take ƙasanmu ta riƙa dukan silin da sandar tsintsiya har na haƙura. Maiɗakina ta bugo waya ta ce, "Yau ka fita kuwa?" Na ce na fita. Ta ce, "To, Allah ya sa." Ta san ƙarya nake yi, ni ma na san ta sani. Rabin wata ukun ya riga ya wuce.

A rana ta goma na haɗu da tsohon nan na bakin tafki a wani kanti, yana sayen man girki. Ya gane ni, ya motsa hannuwa kamar mai gudu yana tambayata da ido. Na nuna masa sama na ce, "Meyo, meyo," wato babu. Ya yi dariya, ya ja ni bakin ƙofa, ya nuna mini matakalar wani bene, sannan ya ɗora yatsu biyu a tafin hannunsa ya riƙa taka su sama. Na gane nan take. Ga hawa tara a gidanmu, ba ruwa, ba santsi, ban taɓa kallonsu a matsayin komai ba sai wahala.

Saura lokaci. Da asuba ba zai yiwu ba, mutane suna zirga-zirgar sallah. Na zaɓi ƙarfe goma sha ɗaya na safe, lokacin da na san kowa ya tafi kasuwar Canaan ko ta Shahe. A nan na tafka kuskure, domin da lissafin kwanakin da ake ciniki na yi aiki. Na manta masu shaguna sun fara rufewa saboda bikinsu, na manta sanyi ya hana kowa fita. Gidan cike yake, kowa yana ƙudundune a bayan ƙofarsa.

Akwai kuma abin da ya kamata in faɗa. A watannin nan 'yan sanda sun fara tsananta duba fasfo saboda wasannin da suke tafe. Nawa lafiyarsa lau, amma mutane da yawa a gidan bizarsu ta ƙare, suna jiran kayansu su fito daga masana'anta kafin su san abin yi. Kowa kunnensa a buɗe yake kwana. Ɗaya daga cikinsu wani dattijo ne ɗan Maraɗi da yake hawa na shida, mai sayen fitilu masu caji. Ya kusa sittin, mutum mai fara'a, ba ya kirana da komai sai Bakano. In ya kama hannunka da gaisuwa sai ya tambayi gida da iyali da gajiya da sanyi da labarin kwantena kafin ya sake ka.

Na sauka ƙasa a hankali, na ɗaure kambas, na tattare jallabiya na soke a wando, na yi bismilla na fara hawa da gudu. Hawa na ɗaya, na biyu, na uku, lafiya lau. A na biyar numfashi ya fara gagarata. Ina karyo kwanar na shida sai ga dattijon nan ya buɗe ƙofa da buta a hannu, ba takalmi a ƙafarsa.

"A'a, Bakano! Lahiya?"

Abu biyu suka haɗu mini, ba numfashin amsawa, ga kunya. Sai kawai na kaɗa masa hannu, na sunkuyar da kai na ƙara wuta. A raina cewa nake yi in na sauko na ba shi haƙuri. Ban tsaya na yi tunanin abin da shi ya gani ba: Alhaji guda, mai fasfo lafiyayye, ya taho daga ƙasa a guje, ido waje, an gaishe shi bai amsa ba. A wurinmu mutum ba ya ƙin amsa gaisuwa sai in abin da ya koro shi ya fi gaisuwar.

Na ji ƙarar buta ta faɗi. Na ji ya ce, "Sun zo!" Daga nan sai ƙofofi suka fara buɗewa.

Abin da har yau yake ba ni dariya, in na manta da ƙarshensa, shi ne ni ma na tsorata. Ina hawa na bakwai na ji rugugin ƙafafu a bayana ana cewa sun zo, sun zo, sai na tuna fasfona yana cikin akwati a hawa na huɗu. Gajiyar ta tafi, na haye sauran benen kamar ɗan shekara ashirin, na banke ƙofar rufi na fita. Jama'a suka biyo ni ɗuu. Ban taɓa yin gudu mai kyau irin na ranar ba.

Mun kai mu talatin a kan rufin, cikin yayyafin nan. Wani da cokali a hannu, wani da kumfar sabulu a kunne ɗaure da tawul, wani ya rungumo jakar takardu. Wasu suka ɓuya a bayan tankunan ruwa. Aka yi tsit ana sauraron matakala. Minti biyar, minti goma, ba wanda ya hawo. Wani ya leƙa titi ya ce shi bai ga ko mota ba. Sai aka fara tambaya, wa ya gan su? Wannan ya ce shi ihu ya ji, wancan ya ce shi gani ya yi ana gudu. A lokacin ne na gane inda abin ya samo asali, na ji kamar rufin ya tsage in shige.

Ɗan Fagge yana gefena, lulluɓe da bargo. Ya dubi kambas ɗina, ya dubi jallabiyar da na soke a wando, ya matso ya ce a hankali, "Alhaji, yau kuma burodin a sama ake sayar da shi?" Na ce ya rufa mini asiri. Kuma da na so, da abin ya wuce a haka. Dattijon bai tona ni ba, mutane sun fara sauka suna tsaki, kowa ya fi damuwa da ya koma cikin bargo. Na riga na yanke shawarar yin shiru.

Sai na ga sawun. Jini ne a kan siminti, ruwa yana wanke shi, tafin ƙafa ɗaya bayan ɗaya, daga wajen wasu tsofaffin kwanukan rufi da aka jibge har zuwa inda dattijon yake tsaye yana gyara hula. Yana ta magana da wani, yana dariyar kansa, ko ɗingishi ba ya yi.

Na ce, "Alhaji, ɗaga ƙafarka ta hagu."

Ya ɗaga. Kwano ya yanke shi a ƙarƙashin ƙananan yatsu, yanka mai zurfi. Ya dube ta kamar ƙafar wani ce ya ce, "Ikon Allah. Wallahi ban ji ba. Sanyi ne."

Na san ba sanyi ba ne. Na taɓa ganin wannan sawun a tsakar gidanmu. Na ja shi gefe na ce, "Alhaji, kana da suga?"

Fuskarsa ta canza. "Wa ya hwaɗa maka? Ni lahiyata lau. Kai dai Bakano, mi ya koro ka?"

Akwai sauran mutum goma sha wani abu a rufin, duk suka juyo. Na ga in ban faɗi nawa ba, ba zai taɓa faɗin nasa ba, zai ɗaure ƙafar da tsumma ya koma ɗaki. Na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ba abin da ya koro ni. Ba wanda ya zo. Ciwon suga gare ni, likita ya ce in riƙa gudu, sanyi ya hana ni fita, shi ne nake yi a matakala. Kunya ce ta hana ni amsa maka. Ku yafe mini."

Na sha zagi, kuma na cancanta. Mai tawul ya ce da na kashe shi da sanyi da sai in gaya wa iyalinsa motsa jiki nake yi. Wasu suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Dattijon bai yi dariya ba. Sai da muka sauko da shi ɗakinsa, na dafa ruwa ina wanke masa ciwon, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Shekara bakwai ke nan da lokotoro ya hwaɗa mini. Ko ɗiyana ba su sani ba."

Na ce mu tafi asibiti yanzu. Ya ƙi, saboda bizarsa. Na roƙe shi, na ba shi labarin mahaifina, ya ce Allah ya jiƙansa, amma shi ba inda za shi. Kwana shida ina hawa wurinsa safe da yamma ina wanke ƙafar, ina ganin yatsun suna canza launi. A rana ta bakwai ni da ɗan Fagge muka daina neman izininsa, muka saɓo shi muka sauko da shi hawa shida muka sa a tasi. Likitocin sun yi abin da za su iya. Sun ceci ƙafar, amma yatsu biyu sun tafi. Maganar takardunsa kuma ta bi hanyarta, da ya warware ya koma gida, bai sake zuwa China ba.

Ni kuwa na ci gaba da hawa matakalar, tunda ba sauran abin ɓoyewa. Na sa lokaci, bayan La'asar, kuma kafin in fara sai in bi hawa-hawa ina ƙwanƙwasa ƙofa ina cewa, "Ni ne, ba kowa." Duk wanda na haɗu da shi na tsaya mu gaisa, ko da haki ne. Ba a yi mako ba ɗan Fagge ya biyo ni, wai yana so ya ga inda ake sayar da burodin. Sai wani ɗan Yamai, sai mai tawul da kansa, wanda ashe hawan jini yake fama da shi. Kafin sanyin ya ɗaga mun zama mu bakwai, huɗu a ciki kowa da ciwon da yake ɓoyewa. Da rana ta dawo na koma bakin tafki da su, tsohon nan ya ƙirga mu da yatsa yana dariya.

Da na koma Kano suga ya sauka, ba sosai ba, amma ya isa likita ya ajiye maganar allura. Har yau da ƙafafuna biyu nake tafiya, kuma a unguwarmu nake sassarfata da safe, yara suna ce mini Alhaji mai gudu ina amsawa.

Shekaru bayan haka na je Maraɗi ɗaurin aure, na nemi gidan dattijon. Na same shi a zaure, ya tsufa, yana tafiya da ɗan ɗingishi. Ya kama hannuna ya yi mini gaisuwar nan tasa mai tsawo, na amsa kowace ɗaya har ƙarshe. Na sake neman gafararsa. Ya ce, "Bari, Bakano. Kai ka ɓoye naka, ni na ɓoye nawa, sai muka haɗu a matakala."

Abin da na koya ke nan. Na ɗauka ciwona da kunyata nawa ne ni kaɗai, ba wanda ɓoyewata za ta cutar. Kalma ɗaya ce aka nema a wurina a hawa na shida, in tsaya in ce lafiya lau. Na hana ta don kar girmana ya zube, girman kuma bai tsira ba, ga shi wani bawan Allah ne ya biya da yatsunsa biyu. Tun daga ranar, komai saurina, in aka ce mini lafiya, sai na tsaya na faɗi gaskiya.